Ranar da Aka Ce wa Babana "Ke"

Na manta abubuwa da yawa a duniyar nan. Na manta sunayen rabin 'yan ajinmu, na manta fuskar malamin da ya fi dukana, shekaranjiya ma na manta wake a wuta har maƙwabta suka shigo da bokiti. Amma akwai wata la'asar a ƙofar gidanmu na unguwar New Bell, a Douala, wadda ba zan manta da ita ba har a mai da ni ƙasa. Ga ni yau da furfura da jikoki, amma wallahi idan na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi kamar yanzu aka yi abin.

A shekarun kiriz ne. Yaran yanzu idan an ce kiriz sai su ɗauka tsadar shinkafa ce kawai. Ina! Kiriz ita ce ka ga magidanci ya fita da safe da taye a wuya, ya dawo da azahar da kwali a hannu, an ce masa kamfani ya gode. Mu a nan kompirese muke cewa. To, Babana yana cikin waɗanda aka yi wa haka. A Douala aka haife shi. Kakanmu ne ya zo fataucin goro ya zauna, shi kuwa Baba ya yi karatun Faransanci har ya kai shugaban sashe a wani ofis a Bonapriso, duk unguwa Shef ake ce masa. Da aka sallame shi bai yi kuka ba, bai zagi kowa ba. Kullum da safe sai ya goge rigarsa tas, ya saka, ya fito ya zauna a benci ƙarƙashin rumfar ƙofar gida. Doka ɗaya ya kafa: kada wanda ya ƙara yi masa Faransanci. Ya ce harshen da ya cinye ƙuruciyarsa ya tofar da shi, ba zai sake jin sa a bakin ƙofarsa ba.

Inna ce ta ɗaura ɗamara. Ta fito da murhu da kasko ta kafa a gefen rumfar, ta fara tuyar makala, wato fankenmu na nan da ake ci da wake da koko. Da shi aka ci, da shi aka sha, da shi aka riƙe ni a makaranta. Babu abin kunya a cikin wannan, amma ku je ku gaya wa maƙwabcinmu. Yana da shagon katifa a bakin titi. Ba zan faɗi sunansa ba, tunda ya riga mu gidan gaskiya kuma 'ya'yansa ba su yi mini komai ba; Mai Katifa za mu ce masa. Lokacin da Baba ke ofis, mutumin nan har ƙasa yake gaishe shi. Da abin ya juya sai ya samu abin wasa. Ya zo majalisa da yamma, ya sayi makala, yana ci yana cewa, "Shef, Madam ta fita aiki, kai ne mai gadin gida ke nan?" Gobe kuma ya ce, "Shef, yau me ka dafa mana?" Sai a yi dariya, Baba ma ya yi murmushi. Ni da nake tsugune a bakin kasko ina ganin yadda muƙamuƙinsa ke motsi. Dama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ina da shekara goma sha bakwai a lokacin, an ba mu babban hutu, wanda muke kira vakans. Wanda ya san Douala ya san hutunmu ba na rana ba ne, na ruwa ne. Sama ta buɗe ta manta yadda ake rufewa, lungunan New Bell su cika, a shimfiɗa katakai ana bi a kai kamar 'yan wasa. Ni ce mai zuba wake da miƙa makala tun da sassafe.

Wata safiya ana yayyafi, kaina na sunkuye, sai na ji an ce, "Kai, yarinya, ka ba ni makala."

Na waiga bayana in ga da wa ake. Babu kowa. Na ɗago sai ga wani dogon saurayi, siriri, baƙi mai sheƙi, ya yafa buhu a ka saboda ruwa, yana kallona da gaskiyarsa.

Na ce, "Da wa kake?"

Ya ce, "Da kai."

Na ajiye ludayi na riƙe ƙugu. "Ni ce kai? Ka ga gemu a haɓata?"

Bawan Allah ya rikice. Sai ya juya zuwa Faransanci, na yi masa alama ya sassauta murya don kada Baba ya ji, kuma wallahi Faransancin da ya fito daga bakin yaron nan ko malamanmu sai su sara masa. Ya ce in gafarce shi, shi Bafulatani ne daga Arewacin ƙasar nan tamu, ɗan lise ne, wato sakandare, kamar ni, ya zo hutu wurin kawunsa mai sayar da albasa a kasuwa. Ya ce a harshensu babu bambancin mace da namiji wajen kira, mutum mutum ne kawai, Hausar kuma a kasuwa ya tsince ta. Na ce masa to a nan akwai bambanci, ni ke ce. Ya koma Hausa ya ce, "To, ka koya mini."

Na ce, "Ki!"

Ya dafa ƙirji ya ce, "Ni ne ki?"

Dariyar da na yi ranar har Inna ta ɗaga mini matsami. Tun daga nan na laƙaba masa suna Malam Kai, kuma da shi zan kira shi a labarin nan.

Washegari ya dawo. Da ya karɓi makalarsa ya tafi, sai na ga albasa a gefen tirena, ƙatuwa, ja, mai ƙyalli. Gobe ma haka, jibi ma haka. 'Yan matan yanzu su yi ta jiran fure. Ni albasa aka ba ni, kuma a shekarar kiriz albasa ta fi fure daraja nesa ba kusa ba, don fure ba ya shiga wake. Shi yake zaɓo wadda ta fi kowace kyau a buhun kawunsa, ya goge ta da gefen riga. Hannunsa kullum ƙamshin lemun tsami yake, ashe gogewa yake yi kafin ya zo don kada in ji warin albasa. Bayan kwana da kwanaki, sai wata rana Inna tana yanka ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Wannan albasar da ke tsirowa a tirenki, Allah ya sa wa gonar albarka." Na rasa inda zan sa kaina don kunya.

Akwai masu gadi a Bonapriso da nake kai wa makala da hantsi. Sai Malam Kai ya gano cewa shi ma kullum yana da saƙon kawunsa ta wannan hanyar. Ƙarya ce tsagwaronta, ni ma na sani, shi ma ya san na sani. Lema ɗaya gare mu, tawa, mai karyayyen ƙarfe. Shi yake riƙewa, ya karkato ta gaba ɗaya kaina, ya isa a jiƙe sharkaf yana cewa shi ba ya jin sanyi, haƙoransa kuwa na kaɗawa. A hanya makaranta muke. In nuna mace mai tallan ayaba in ce, gaishe ta. Ya ce, "Ka wuni lafiya?" In ce na ci ka tara. Ya sake. In nuna kaina in ce, wace ce wannan? Ya ce, "Kai ne." In yi kamar zan koma gida, ya sha gabana yana dariya yana cewa, "Ka tsaya, ki tsaya, ku tsaya duka!" Ni kuwa a raina ba na son ya gama koya da wuri.

A irin wannan tafiya na nuna masa ginin da Baba ya yi aiki. Ban san lokacin da na fara ba shi labari ba, har da na Mai Katifa da maganganunsa, har hawaye ya zo mini. Ya tsaya cak a cikin ruwan, ya ce, "Babanka babban mutum ne. Wanda ya goge riga ya zauna a ƙofa, bai ɓuya a ɗaki ba, jarumi ne." Ranar ban gyara masa babanka ba. Ku riƙe wannan, don Allah: yaron nan ya san ciwon Baba, kuma duk New Bell babu wanda ya girmama ciwon nan kamarsa. Idan zai wuce rumfarmu cire takalmi yake ya riƙe a hannu, ko da taɓo ya kai idon sawu.

A shekarun nan akwai ranakun da gari ke rufewa ruf, babu mota, babu kasuwa, kowa ya zauna a unguwarsu. Manya na ta zullumi, mu kuwa, Allah ya yafe mana, hutu ne a kan hutu. A irin wannan rana muka fake a barandar wani rufaffen shago, muka sayi gasasshiyar masara da safu, ɗan itacen nan da ake gasawa, a wurin wata tsohuwa. Yana ɓare masara yana ba ni a tafin hannu. Sai na ga leɓensa na motsi kamar mai bitar hadda. Can ya ɗago ya ce, "Ke nake so." Ke. Tsaf, ba gargada. Na ce ya maimaita don ban ji ba saboda ƙarar ruwa a kwano. Na ji sarai. Ya maimaita, na rufe fuska da gyale, masarar ta zube ƙasa.

Daga ranar ke da ki suka zauna a bakinsa daram. Har ya wuce gona da iri don murna: ki zo, ki gani, kin ji, kin ci, duk maganar da zai yi sai ya nemo dalilin saka ki a ciki.

Da hutu ya fara ja da baya, Inna ta zaunar da ni ta ce, "Ba a zance a kan tire, ke ba 'yar titi ba ce. In da gaske yake, ya zo ya gaida Babanki a san shi. Idan Babanki ya amsa, ƙofa a buɗe take, ya zo da rana kowa na gani. Idan bai amsa ba, ki mai da masa albasarsa." Na kai masa saƙo. Ya yi murna har da tsalle, don kawunsa ya riga ya ce idan yana so zai iya nema masa makaranta a Douala ya ƙarasa karatu a nan. Kun ga ke nan komai ya rataya a kan gaisuwa guda: Baba ya ce lafiya lau, Malam Kai ya zauna a Douala. Da Faransanci ba zai yiwu ba saboda dokar Baba, Fulatanci kuma Baba ba ya ji. Dole Hausa. Muka yi ta bita a ƙarƙashin lema: Baba ka, Inna ki, Baba ka, Inna ki. Ya iya tsaf, har yana yi mini tsiya yana cewa shi yanzu ya fi 'yan New Bell Hausa.

Ranar ta zo. An idar da la'asar, ruwa ya ɗauke, majalisa ta cika: Baba a bencinsa da gogaggiyar riga, telan unguwa, wani tsohon direba, wasu dattawa, da Mai Katifa a tsakiya yana cin makalarmu. Ni ina bayan labulen zaure ina leƙe. Sai ga shi ya ɓullo da kaftani fari na aro, hannun ya yi masa gajere, da hula sabuwa. Tun daga nesa ya tuɓe takalmi. Ya fara da Inna tunda ita ce a bakin hanya, ya rusuna ya ce, "Mama, kin wuni lafiya?" Inna ta amsa da fara'a, ta ɗan waigo wajen labule. Na ce a raina, Alhamdulillahi, an ci rabi.

Ya ƙarasa gaban Baba ya tsuguna har ƙasa, kansa a sunkuye. Ina hango gefen kaftaninsa na rawa. Ya buɗe baki ya ce, "Baba, kin wuni lafiya? Yaya aikinki?"

Innalillahi.

Amma ku saurara da kyau, don nan ne abin da ke ci mini rai yake. Na ga hannun Baba da idona, ya fara ɗagowa zai miƙa masa. Na ga bakinsa ya fara haɗa lafiya lau. Tela ya sunkuyar da kai, direba ya kau da fuska, irin yadda mutanen kirki ke yi idan baƙo ya yi tuntuɓe. Duk wanda ke zaune a wurin nan ya san Hausar mutanen Arewa. Kullum a kasuwa suna jin ana ce wa matansu kai, ana ce wa saniya shi, ba wanda ya taɓa ɗaga gira. Da an ƙara numfashi ɗaya da maganar ta wuce.

Sai Mai Katifa ya kwashe da dariya, har da buga cinya, makala na fesowa daga bakinsa. "Allahu akbar! Shef, ka ji? Har yara sun gane! Hajiya, amsa mana, ana gaishe ki. Yaya aikin tukunya?"

Shi ke nan. Dariya annoba ce. Waɗanda suka sunkuyar da kai ɗazu suka fashe, har masu wucewa suka tsaya. Na ga fuskar Baba ta canja, ban taɓa ganinta haka ba ko ranar da ya dawo da kwali. Hannun nan da ya ɗago don gaisuwa, shi ne ya sauka a kuncin Malam Kai. Ƙarar marin har cikin zaure. Hular ta yi tsalle ta faɗa kwata.

Yaron bai ma gane abin da ya faɗa ba. Ya dafe kunci yana kallon fuskoki ɗaya bayan ɗaya, sai da Mai Katifa ya sake cewa Hajiya sannan na ga abin ya faɗo masa. Idonsa ya firfito. Ya ce, "Baba, ki yi haƙuri... ka... ki..." Harshen ya sarƙe gaba ɗaya. Wannan ya ƙara wa majalisa daɗi, har wani na share hawaye. Dattawa fa, masu furfura, waɗanda suka fito daga sahu ɗaya yanzun nan. Baba ya miƙe tsaye ya nuna titi ya ce, "Tashi ka bar mini ƙofar gida. Kada in sake ganin ƙafarka a layin nan." Malam Kai ya tashi, ya ɗauki takalminsa a hannu, ya bi ta cikin taɓo ba tare da ya waiwayo ba.

Ban san lokacin da na yaye labule ba. Ni da aka raina ba na haɗa ido da babba, sai ga ni a gaban Mai Katifa. Na ce, "Baba Mai Katifa, kai ne za ka yi wa wani dariyar Hausa? Kai da jiya na ji kana cewa ka je marshe ka yi diskite da kiliyan? Wannan Hausar da rabinta Faransanci ne, ta wane gari ce? Shi baƙo ne yana koyo, kai fa, a nan aka haife ka!" Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Inna ta fizgo ni ta tura cikin gida, ta zuba mini dundu biyu masu kyau don a san ta yi tarbiyya. Har yau ban yi nadamar ko harafi ɗaya ba. Ita kanta Innar, daga ranar ba ta sake sayar wa Mai Katifa makala ba. Yana zuwa za ta ce an ƙare, ga tire cike a gabansa.

Da mutumin nan ya tsaya a nan da sauƙi. Da gari ya waye sai ya wanke ƙafa ya tafi har kasuwa wurin kawun, a gaban abokan sana'arsa, ya ce ɗansu ya zo har gida ya kira dattijon unguwa mace da gangan, kuma mutanen New Bell ba za su lamunta ba. Da gangan! Ku ji ƙarya don Allah. Shi kuwa kawun baƙo ne a kasuwar, da lallami yake zaune da 'yan gari, kuma a shekarar kiriz wa zai yi wasa da rumfarsa? Ya zo da goro ban haƙuri, Baba ya ƙi fitowa. Ya koma ya ce wa yaro ya haɗa kayansa, maganar makaranta a Douala kuma a bar ta.

Wasu mata daga baya suka ce ai laifina ne, ni na cika masa baki da ki. Ban karɓa ba, kuma ba zan karɓa ba. Harshe da haƙori ma suna saɓawa. Tuntuɓen harshe bai taɓa korar kowa daga gari ba, sai an samu mai tura shi.

Ranar da zai tafi, Inna ta kira ni da sassafe. Ashe ta tsamo hular daga kwata, ta wanke, ta busar a bakin murhu. Ta ƙulle makala mai zafi a takarda ta haɗa mini ta ce, "Je ki tasha ki kai masa hularsa, mu ba ma riƙe kayan mutane." Ba ta kalle ni ba, ni ma ban kalle ta ba.

Na same shi a tashar jirgin ƙasa zaune a kan jakarsa, shatin yatsu bai gama ɓacewa a kuncinsa ba. Na miƙa masa hular da ƙullin. Ya miƙe tsaye ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya da Faransanci. Ba ma Faransancin abokai ba, da vu ya kira ni, wato ku ta girmamawa, irin wanda ake yi wa baƙuwa a ofis. Na ce, "Haba Malam Kai, ni ce fa. Yi mini Hausa." Ya girgiza kai. Na ce, "To ka ce mini kai. Wallahi zan amsa, ba zan ƙara gyara maka ba. Ka ce kai, yarinya, ka ba ni makala." Ina faɗa ina kuka, mutane na kallo, ko a jikina. Idonsa ya cika shi ma. Ya ce, da Faransancin dai, shi ba ya fushi da ni, ba ya fushi da Baba. Amma harshen nan namu akwai wuƙa a cikinsa da shi ba ya gani, ya yanki mutumin da ya fi girmamawa, don haka ba zai sake taɓa shi ba. Aka busa usur, ya shiga. Na tsaya a gefen taga ina jira ko zai leƙo ya ce wani abu, ko kai, ko ke, duk wanda ya samu. Ya ɗaga mini hular kawai. Ban sake ganinsa ba har yau.

Baba bai sake komawa ofis ba har ya tsufa. Bayan shekaru masu yawa, ina da aure da 'ya'ya, na zo gida gaisuwa muna zaune a rumfar nan, sai wani mai tallan albasa ya tsaya ya ce wa Inna, "Mama, ka sayi albasa." Baba ya bi shi da kallo har ya sha kwana. Sannan ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Yaron nan naki na shekarun baya. Na san ba zagina ya yi ba. Tun kafin hannuna ya sauka na sani. Mai Katifa na so in mara, amma shi maƙwabci ne, gobe ma tare za mu tsaya a sahu. Shi kuwa yaron baƙo ne." An bar jaki ana dukan taiki ke nan. Na gyara masa matashi kawai. Baba na yafe masa tun a ranar, don na ga abin da aka daɗe ana yi wa zuciyarsa. Mai Katifa kuwa, na je gaisuwar mutuwarsa saboda haƙƙin maƙwabtaka, na yi masa addu'a kamar kowa, amma kada wanda ya tambaye ni ko na huce.

Abin da na koya shi ne, ba kuskure ne ke raba mutane ba, mai dariyar gefe ne. Shi ba ya mari, ba ya kora, hannunsa tas, amma shi ke kunna wutar ya koma ya ci makalarsa. Kuma idan ran manya ya ɓaci, wanda ba shi da kowa a gari shi ke biya. Shi ya sa a gidana yaro zai iya fasa kwano in ƙyale shi, amma ya yi wa baƙo dariyar harshe, ranar zai san wace ce kakarsa.

Yanzu a unguwar Sodiko nake zaune, nan Douala. Idan na shiga kasuwa wani saurayi daga Arewa ya ɗaga murya ya ce, "Kai, Hajiya, ka zo ka ga albasa," sai in ga 'ya'yana suna gimtse baki suna jiran in gyara masa. Ba na gyarawa. Da sauri nake amsawa in ce na'am, ga ni nan, domin akwai kai guda ɗaya da na roƙa da hawaye a tashar jirgi, ba a ba ni ba.